Loyola Jesuit ta Abuja: masu ita, abin da ke cikinta, da matsayin yarinya Musulma idan ta shiga

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Kaduna, 'yata tana aji biyar na firamare. Malamanta sun ce in gwada mata jarrabawar shiga Loyola Jesuit da ke Abuja. Mu Musulmi ne, kuma ban taɓa kai ɗa makarantar mishan ba. Su wa ke da makarantar, me ke cikinta, yaya yara ke rayuwa a can, kuma ina matsayin addininta idan ta samu shiga?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ta fuskar karatu malaman 'yarki ba su ba ki muguwar shawara ba. Amma tambayarki ta ƙarshe ta fi sauran nauyi, kuma a kanta zan fi daɗewa. Bari mu fara da masu makarantar, don a harkar makarantun Katolika wanda ya san mai gida ya san rabin gidan.

Makarantun sakandare na cocin Katolika iri uku ne, mutane kuma kan haɗa su wuri guda don kawai sun ga suna ya fara da "St." Akwai na dayosis, wato yankin da Bishop guda ke shugabanta. Bishop ne mai makarantar, yana da sakataren ilimi da ke kula masa da ita, shi ke naɗa shugabanta, ya kuma ɗauke shi ran da ya ga dama. Akwai na ƙungiyoyin Fada-fada ko Sista-sista, waɗanda suka yi alkawarin ba za su yi aure ba kuma ba za su tara abin kansu ba, aikin koyarwa kuwa shi ne sana'ar ƙungiyar tun asali. Waɗannan suna da tsarinsu da suka gada, kuma idan shugaba ya tafi wanda zai gaje shi a cikin tsarin ya tashi. Iri na uku ƙaramar makarantar horar da limaman coci ce, kamar St. Joseph da ke Zariya ko St. John Vianney ta Barikin Ladi. Ana karatun sakandare a cikinta har a rubuta WAEC, amma ta yara maza 'yan Katolika ce masu tunanin zama Fada, saboda haka ba ta shafe ki ba. A dokar cocin kanta, makaranta ba ta da ikon kiran kanta ta Katolika sai da amincewar hukumar cocin. Idan kika ga makaranta da sunan waliyyin Kirista amma ba wanda zai iya gaya miki dayosis ko ƙungiyar da ke riƙe da ita, to ta ɗan kasuwa ce da ya ari suna.

Loyola tana cikin iri na biyu. Ƙungiyar Jesuit ce ke da ita.

Ke da ke Kaduna kina wuce tarihin irin waɗannan makarantu kullum. Kwalejin Rimi da ke Unguwar Rimi asalinta St. John's ce, Fada-fadan wata ƙungiyar mishan mai suna SMA suka buɗe ta a 1949, kuma a can Chukwuma Kaduna Nzeogwu ya yi sakandare. Queen Amina ta Kakuri ita ce Queen of Apostles ta wata ƙungiyar Sistoci mai suna OLA. A Kano ma Sistocin St. Louis sun iso daga ƙasar Ayilan a 1948, makarantarsu ta 'yan mata tana nan a Bompai. 'Yan SMA ɗin sun kafa tasharsu a Shendam tun 1907, amma Turawan mulki sun daɗe suna taƙaita aikin mishan a cikin masarautun Musulmi, shi ya sa za ki ga tsofaffin makarantun mishan sun taru a Filato da kudancin Kaduna da Sabon Gari da unguwannin ma'aikata. Bayan yaƙin basasa gwamnatocin soja suka karɓe makarantun. Jihar Gabas ta Tsakiya ce ta fara a 1970, Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda Kaduna ke cikinta a lokacin, ta bi sahu a 1972 zamanin Gwamna Abba Kyari, a lokacin ne aka sauya sunayen. Legas ta mayar wa masu mishan nasu a 2001, Anambara a 2011, amma Rimi da Queen Amina suna hannun gwamnati har yau. Wannan tarihin ya sa sababbin makarantun Katolika na bayan nan suka tashi a matsayin masu zaman kansu ɗungurungum. Ba tallafin gwamnati, kuɗin iyaye da na masu taimako ke riƙe da su, shi ya sa suke da tsada.

Su Jesuit ɗin, wani sojan ƙasar Sifen ne mai suna Ignatius, mutumin Loyola, ya kafa ƙungiyarsu. Harsashin igwa ya ragargaza masa ƙafa a yaƙin Pamplona a 1521, a jinyar ya juya ga addini, ya koma aji yana babba har ya yi karatu a jami'ar Paris. Fafaroma ya amince da ƙungiyar a 1540, suka buɗe kwalejinsu ta Messina a tsibirin Sisili a 1548, zuwa 1599 kuma sun rubuta kundin tsarin koyarwa guda da duk makarantunsu ke bi. Marigayi Fafaroma Francis ma ɗan ƙungiyar ne. Sun shigo Najeriya a farkon shekarun 1960 daga reshensu na New York. Makarantar ta Abuja an buɗe ta ranar 2 ga Oktoba 1996 a Gidan Mangoro, kan hanyar Karu zuwa Karshi, a fili mai faɗin hekta 28.5. Ta kwana ce zalla, maza da mata, daga JSS1 zuwa SS3, ɗalibanta kimanin 600, wato kusan 100 a kowace shekara. Shugabancinta hawa biyu ne: akwai Fada na Jesuit a matsayin shugaban makarantar gaba ɗaya, mai kula da manufa da kuɗi da ma'aikata, sannan akwai firinsifal mai kula da karatu da tarbiyya ta yau da kullum. Ki riƙe wannan, don zai yi miki amfani in an zo maganar wanda za ki tambaya. An raba ɗalibai gida huɗu: Loyola, Xavier, Regis da Connelly. Na ƙarshen sunan Cornelia Connelly ne, matar da ta kafa ƙungiyar Sistocin Holy Child a Ingila a 1846.

Akwai abin da duk wanda ya shiga makarantar zai ji labarinsa. Ranar 10 ga Disamba 2005 jirgin Sosoliso da ya tashi daga Abuja ya faɗi yana sauka a Fatakwal. Ɗaliban Loyola 61 ne a ciki, za su gida hutun ƙarshen shekara, 60 suka rasu, yarinya guda ta tsira da ƙuna mai tsanani. Kusan ɗaya cikin goma na ɗaliban makarantar ke nan a rana guda. An gina babban ɗakin taro don tunawa da su, ana kuma yi musu addu'a duk shekara, sannan ƙungiyar ta buɗe wata makarantar a Fatakwal a 2013, Jesuit Memorial College, domin su.

Game da kayan aiki, abin da ake tsammani a babbar makarantar kwana yana nan: azuzuwa, ɗakunan gwaje-gwajen kimiyya, ɗakin kwamfuta, laburare, ɗakin cin abinci, ɗakunan kwana na maza daban na mata daban, kilinik, filayen wasa, coci, da gidajen malamai a cikin harabar. Lissafa gine-gine dai ba ya gaya miki komai, kowace makaranta tana da su a takardar talla. Ga yadda za ki auna su da idonki ranar da kika je, a Loyola ko a wata.

Ki fara da ɗakin gwajin kemistiri. A jarrabawar WAEC ta aikin hannu ana ba kowane ɗalibi dogon bututun gilashi mai awo da famfo a ƙasa, wanda ke cin santimita kubik 50, da wani siririn bututun na 25, da kwalabe masu faɗin gindi. Zai ɗiga ruwan asid a kan ruwan sinadarin alkali, wato kishiyar asid, da aka sa wa launi har launin ya juya, ya karanta awon, ya maimaita. Dole awon da ya samu su zo kusa da juna, kada tazararsu ta wuce 0.2. Yaron da bai taɓa kayan ba sai a SS3 zai bar kumfar iska a bakin famfon, ko ya karanta awon daga sama maimakon ya sa idonsa daidai da gindin lanƙwasar ruwan, ko ya saki ruwa da yawa launin ya wuce. Maki ne ke zubewa alhali ya haddace darasin tsaf. Saboda haka ki tambaya daga wane aji yara ke fara shiga, sau nawa a mako, kuma bututun nawa ne. Idan aji mai yara 30 yana da guda 8, to kusan uku ne ke kallon ɗaya yana aiki. Ki duba ko famfunan teburin suna kawo ruwa, ko gas yana kamawa, ko akwai ma'aikacin da aikinsa kawai kula da ɗakin. Kwalaben da suka yi ƙura a jere kamar kanti, ba a taɓa su.

Daga nan ki nemi a nuna miki banɗakin 'yan JSS1, ba na baƙi ba. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ga makarantar kwana shi ne aƙalla lita 20 ga kowane mutum a rana, a ƙara lita 10 zuwa 20 idan masai na ja-ruwa ne, sannan masai guda ga 'yan mata 25. Ki yi lissafi: yara 600 na buƙatar lita 12,000 a ƙalla, da masan ja-ruwa kuwa 18,000 zuwa 24,000 kullum, ban da na malamai da iyalansu. Rijiyar burtsatse guda da injin tura ruwa guda ba za su ɗauki wannan ba, don ran da injin ya ƙone ko janareta ta tsaya, kafin la'asar banɗakuna sun toshe, bayan kwana biyu kilinik ya cika da masu gudawa. Ki tambayi yawan rijiyoyin, girman tankunan, da abin da ke tura ruwa idan babu wutar NEPA. A watan Maris da Afrilu, lokacin da ruwan ƙasa ya yi nisa, ake gane makarantar da ta yi tanadi.

A ɗakin kwana ki lura da tazarar gadaje, tagogi biyu masu fuskantar juna, raga a taga, gidan sauro a kowane gado, da ƙofar fita ta biyu da ba a garƙame da kwaɗo ba. Cunkoso da rashin iska a lokacin zafi su ne abokan sanƙarau. A kilinik ki tambaya ko nas tana kwana, wane asibiti ake kai yaro idan abin ya fi ƙarfinsu, da wace mota, kuma a wane mataki ake kiran iyaye. Idan yarinyar tana da asma ko sikila ko wani abincin da jikinta ba ya karɓa, ki rubuta a fom ɗin lafiya yadda yake. Iyaye kan ɓoye don tsoron kada a ƙi ɗaukar yaro, sai ciwon ya tashi ƙarfe biyun dare nas ba ta san komai ba. Maganar tsaro ma ba abin jin kunyar tambaya ba ne, tunda a Nuwamban 2025 'yan bindiga sun shiga makarantar St. Mary's ta Katolika da ke Papiri a jihar Neja suka kwashe ɗalibai da malamai masu yawa. Ki dubi katanga, ki dubi yadda masu gadi suka tantance ki ke kanki a ƙofa, ki tambayi wanda aka yarda ya ɗauki yaro ranar hutu da shaidar da zai nuna.

Rayuwar yau da kullum kuwa ƙararrawa ce ke tafiyar da ita, kuma a nan ƙarfin makarantun mishan yake. Tsarin galibinsu kusan ɗaya ne, bambancin bai wuce rabin awa nan da can ba. Tashi tsakanin biyar da biyar da rabi, wanka, gyaran gado, kowa da wurin sharar da aka yanka masa, ibadar safe, karin kumallo, aji daga wajen takwas zuwa biyu, darasi na minti 40 ko makamancin haka. Bayan abincin rana a ɗan kwanta, sai wasanni ko ƙungiyoyi da yamma, abincin dare, firef, wato karatun dare, na awa biyu a aji cikin shiru da malami a tsaye, a kashe fitila wajen goma. Asabar wanki da babbar shara da duba tsabta, Lahadi ibada da hutu. Ba a barin waya a hannun ɗalibi. Yaron da ya yi shekara shida yana zaman firef kowane dare ya tara awoyin karatun da ɗan jeka-ka-dawo ba zai taɓa tarawa ba tsakanin aike da talabijin, kuma wannan, tare da cewa tun farko an tace yaran da jarrabawa mai tsauri, shi ne sirrin sakamakon WAEC da ake yabon Loyola da shi. Ina faɗin maganar tacewar da gangan: makarantar da ta zaɓi 100 daga cikin ɗimbin masu nema dole sakamakonta ya yi kyau, don haka kada ki auna ta da makarantar da ke ɗaukar duk wanda ya zo.

Abin da Jesuit suka ƙara a kan wannan shi ne salon koyarwarsu. Malami kan buɗe wa yara darasin gobe tun yau don su shigo da shiri, ana yawan maimaita abin da aka wuce, ana yawan gwaji, ana kuma haɗa gasa tsakanin gidaje a wasanni da muhawara da kacici-kacici da waƙe. Suna da ƙa'idar da suke ji da ita ta kula da kowane yaro a kan kansa, wato a san shi da sunansa da halinsa da abin da ke damunsa, shi ya sa ake samun malamin aji da mai kula da gida da mai ba da shawara duk a kan yaro guda. Taken makarantar bautar Allah da hidimar jama'a ne, kuma ana sa ɗalibai aikin taimako na zahiri. Akwai kuma ɗabi'ar da suka gada daga Ignatius ta zama shiru na 'yan mintoci mutum ya bi ranarsa daki-daki, me ya yi daidai, ina ya kauce. Musulmi zai gane wannan, muhasaba ce. Satar amsa babban laifi ne a wurinsu da kan kai ga kora, kuma akwai makin da dole yaro ya kai kafin ya wuce aji. Ki karanta wannan sashen na littafin dokokinsu da kyau kafin ki sa hannu.

Inda abubuwa ke lalacewa a kowace makarantar kwana, komai sunanta, shi ne tsakanin kashe fitila da ƙararrawar asuba, sai kuma makonni shida na farkon JSS1. Yarinya 'yar shekara 10 ko 11 da ba ta taɓa wanke kayanta ba za ta ɓatar da bokiti da safa a makon farko, ta yi kuka a ɓoye, wata ma fitsarin kwance ya dawo mata don fargaba. Idan babba yana kwana a cikin ginin, abin zai wuce. Idan an bar wa siniyoyi riƙon dare, nan aike da ƙwace da duka ke farawa. Tambayar ita ce: wane babba ke kwana a ɗakin kwanan 'yan mata, ƙofarta tana ina, kuma ta wace hanya ƙaramar yarinya za ta kai ƙara ba tare da wadda ta zalunce ta ta sani ba? A gida kuma, shekarar nan da ta rage, ki koya mata wanki da guga da gyaran gado da cin abin da aka dafa ko ba ta so, ki yi mata bayanin al'ada tun kafin ta zo mata a tsakiyar baƙi, sannan a rubuta sunanta a kan komai har cokali.

Yanzu ga maganar addini. Doka tukuna. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce ba za a tilasta wa mai karatu a kowace makaranta ya ɗauki darasin wani addini ko ya halarci ibadarsa ba, idan ba addininsa ba ne ko iyayensa ba su amince ba. Sashen ya kuma ba kowace ƙungiyar addini damar koyar da 'ya'yanta addininta a makarantar da ita ke ɗaukar nauyinta gaba ɗaya. Ki lura da maganar amincewar iyaye. Takardar karɓar gurbi da za ki sa wa hannu yawanci tana ɗauke da cewa kin yarda da dokokin makaranta duka, a makarantun Katolika na kwana kuwa halartar taron ibada yana cikin jadawalin kowa. Sa hannun nan shi ne amincewarki. Hukuncin Kotun Ƙoli na 2022 da ya halatta hijabi ya shafi makarantun gwamnatin Legas ne, kada ki dogara da shi a makarantar coci mai zaman kanta.

Ta ɓangaren cocin, dokarta ta hana tilasta wa kowa shiga Katolika, kuma babban taronta na Vatican ya fitar da matsaya a 1965 da ke girmama Musulmi a matsayin masu bauta wa Allah ɗaya. Ba a yi wa yaro baftisma a ɓoye, gurasar da suke karɓa a tsakiyar ibadarsu ta Mas ma ba a ba wanda ba ɗan Katolika ba, ko da Kirista ne na wata ɗariƙar. Tsoron cewa za a juya miki 'ya da ƙarfi ba shi ne abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne shekara shida na zama: gicciye a bangon kowane aji, addu'a kafin darasi da kafin cin abinci da bayansa, Mas ranar Lahadi da ranakun bukukuwa, carbinsu na rosari musamman a Mayu da Oktoba, toka a goshi ranar Larabar da ke buɗe azuminsu na kwana 40, da kwanakin keɓewa don ibada da ake shirya wa kowane aji. Yarinya za ta haddace waƙoƙin ko ba ta yi niyya ba, kamar yadda ɗan Kirista da ya tashi a Fagge ke haddace kiran salla. A lokaci guda kuma ba Islamiyya, ba mai tashinta sallar asuba, ba mai ce mata lokacin la'asar ya yi. Raunin yakan zo ta abin da ta daina yi, fiye da abin da ta ji.

Don haka ki je da tambayoyinki a rubuce, ki nemi ganin firinsifal, abin da ya shafi manufa kuma a kai shi ga Fada shugaban makarantar. Kada ki tsaya kan amsar ma'aikacin ofis cewa "ai muna da Musulmi, ba matsala." Ki ɗora salloli biyar a kan jadawalin da na bayyana: asuba tana faɗawa lokacin wanka da shara, azahar lokacin abincin rana, la'asar lokacin wasanni, magariba dab da abincin dare, isha a tsakiyar firef. A ina za ta shimfiɗa darduma, kuma an yarda ta fita daga layi na minti biyar? A lokacin Mas, zama kawai ake buƙata daga gare ta ko har da durƙuso da amsa addu'a? Darasin addinin Kirista wajibi ne a JSS, kuma da shi ake lissafa makin wuce aji? Akwai malamin addinin Musulunci? A yawancin makarantun Katolika babu. Da azumin Ramadan, kicin zai ajiye mata sahur ya kuma jinkirta mata abincin dare zuwa faɗuwar rana, ko za a ce ba a shiga da abinci ɗakin kwana? Ranar Salla idan ta faɗo tsakiyar zango, ana ba da izinin fita? Daga ina ake sayen nama, wa ke yanka kajin? Yaya yunifom ɗin yake, tsawon siket, kayan wasanni, ɗankwali, kuma ana sa 'yan mata aske gashi kamar yadda makarantun mishan da yawa ke yi? Amsar da aka ba ki ki roƙi a sa ta a takarda, domin Fada-fada da Sistoci ana yi musu canjin wurin aiki, alkawarin baka kuma yana tafiya da mai shi. Masu irin wannan makaranta sun fi son a tambaye su tun farko, kuma galibi za su gaya miki gaskiya ko da ba za ta yi miki daɗi ba. Idan sun ce a'a ga wani abu, a'a ɗin ce, kada ki shiga da tunanin za ki lallashe su daga baya.

A ganina shekarun yarinyar su ne ma'auni. Wadda ta riga ta iya alwala da salla da kanta ba sai an ce ta yi ba, ta yi nisa a Alƙur'ani, kuma tana da bakin da za ta ce "ni Musulma ce, ba na yin wannan" cikin ladabi, za ta iya zama, musamman idan kowane dogon hutu an ajiye mata malami. Wadda har yanzu sai an bi ta da tsawa kafin ta yi salla, shekara 10 ta yi ƙanƙanta a raba ta da gida wata tara a shekara. Ga irin wannan, makarantar Katolika ta jeka-ka-dawo a cikin Kaduna ta fi dacewa: ta samu horon da karatun da safe, la'asar ta yi mata a Islamiyya. Shawarar kuma ba taki ke kaɗai ba ce, ki zauna da mahaifinta, ku nemi wasu iyaye Musulmi da 'ya'yansu suka gama can ku ji daga bakinsu da bakin yaran.

Idan kun yanke za ku gwada, shiga ta JSS1 ce, ta hanyar rubutacciyar jarrabawa, waɗanda suka yi fice a kira su ganawa. Lissafi da Turanci da tambayoyin auna kaifin tunani su ne ginshiƙin irin wannan jarrabawar, kuma abin da ya fi kayar da yara masu ƙoƙari shi ne lokaci. Ki riƙa ba ta tambayoyi 50 da agogo a gabanta, ta koyi tsallake wadda ta cije ta dawo mata daga baya, ta kuma saba da cike takardar amsa da fensir ba tare da ta goce layi ba, don gocewa guda tana lalata duk amsoshin da ke ƙasa. Karatun littattafan labari na Turanci rabin awa kullum ya fi haddar jerin kalmomi amfani. Fom kuwa daga makarantar kanta ko shafinta na intanet za ki saya, duk wanda ya ce zai samo miki gurbi da kuɗi ɗan damfara ne. Kafin ki biya ko sisi ki karɓi cikakkiyar takardar kuɗin shekara, ki tambayi abin da ba ya ciki, kamar yunifom, littattafai, kuɗin jarrabawar JSS3 da WAEC da JAMB, ki ƙara kuɗin motar Kaduna zuwa Abuja na farkon zango da ƙarshensa da hutun tsakiya da ranakun ziyara, sannan ki ninka da shida kina sane da cewa kuɗin zai ƙaru a hanya. Cire yarinya a SS1 don kuɗi ya gaza ya fi yi mata ciwo a kan rashin shigarta tun farko.